Wace na'urar maganaɗisu za ka saya wa ɗakin gwajinka? Kwatanci ga masu kuza, masu farar ƙasa da masu nazarin duwatsu a Bauchi

Ɗan ƙanin mahaifina yana sayen kuza a hannun masu wanki a yankin Toro, ya tara ya kai Jos. Wata Asabar bayan la'asar ya iske ni a gida a Yalwa da ƙullin leda biyu na baƙin yashi, wayarsa kuma cike da hotunan na'urorin raba ma'adinai da maganaɗisu waɗanda dillalai suka turo masa.

"Yaya, kai ka yi shekaru a ɗakin gwaji. Wacce zan saya? Wannan sun ce gaus dubu goma sha biyar gare ta, waccan dubu goma sha biyu. Na gaji da a riƙa kayar mini da farashi ana cewa kayana da datti."

Na ce masa, "Zauna tukuna, ɗan'uwa. Kwance ledar."

Na zuba yashin a kan farar takarda, na ɗauko ɗan mayen ƙarfe na tsohuwar sifika, na nannaɗe shi cikin leda na wuce da shi ta sama. Wani baƙin gari ya yi tsalle ya manne. Na canza zuwa maganaɗisu mai ƙarfi, wani kason ya sake tashi, wannan karon sai da na kusan taɓa yashin. Abin da ya rage a takardar ya fi haske da ruwan ƙasa-ƙasa. Cikin minti goma ƙulli ɗaya ya zama tsibi uku. Daga nan ne muka fara maganar saye, domin lambar gaus, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, da dillali yake ɗagawa ita ce abu na uku ko na huɗu da ya kamata mai saye ya duba.

Abin da za ka auna kafin ka fitar da kuɗi

Farko, me kake son rabawa? A gaban maganaɗisu ma'adinai sun kasu uku. Akwai masu tsalle da kansu, shugabansu magnetait, baƙar tamar nan da ko mayen ƙarfen yara yana ɗauka. Akwai masu amsawa da nauyin jiki, sai an matsa musu da ƙarfi: ilmenait, ganet, kwalambait da tantalait, wulfram, hematait, baƙar maika, monazait. Sai waɗanda ba ruwansu: farin yashi, zirkon, farar ƙasa, da shi kansa kuza. A nan amfanin abin yake ga mutanen Toro da Ningi. Wanki da ruwa yana raba abu ne da nauyi. Farin yashi nauyinsa ya ninka na ruwa sau 2.65, kuza kuwa kusan sau 7, don haka ƙwarya da ruwa suna raba su cikin sauƙi. Amma wulfram, wanda ake samu tare da kuza a wajajen Rishi, nauyinsa kusan ɗaya da na kuza. Ko ka kwana kana wanki ba za su rabu ba. Maganaɗisu ne yake ɗauke wulfram ya bar kuza a ƙasa.

Na biyu, girman ƙwaya, da kuma ko a bushe za ka yi aikin ko a jiƙe. Yashi mai ƙwaya tsakanin maikiron 75 da milimita ɗaya ko biyu (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya) yana gudana a bushe lafiya lau. Da zarar ya yi laushi kamar garin tuwo, ƙwayoyin sukan manne wa juna su yi curi, mai bin maganaɗisu ya ja wanda ba ya bi. Irin wannan sai da ruwa. Kuma idan ƙwaya ɗaya rabinta kwalambait ce rabinta farin dutse, babu na'urar da za ta raba su sai an ƙara niƙa.

Na uku shi ne wanda dillalai ba sa son tsayawa a kansa. Tesla ɗaya, wato babban ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, gaus 10,000 ce, ƙarfin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas kuwa bai wuce rabin gaus ba ko kusa da haka. Amma ƙarfi shi kaɗai ba ya jan ƙwaya. Idan ƙarfin daidai yake ko'ina, ƙwayar juyawa kawai za ta yi ta tsaya. Abin da ke janta shi ne yadda ƙarfin yake taruwa a wuri ɗaya ya ragu da sauri a gefensa. Manna allura a jikin maganaɗisu ka tsoma bakinta cikin baƙin yashi, za ka ga a tsinin ne garin ya fi taruwa. Duk na'urorin da ke ƙasa dabaru ne na samar da irin wannan tsinin. Saboda haka idan aka ce maka gaus dubu kaza, tambayi a ina aka auna: a jikin maganaɗisun, ko a saman bel ɗin da yashi zai hau? Tazarar milimita ɗaya tana cin kaso mai yawa.

Sauran ma'aunan kowa ya san su: yawan kayan da za ka gwada a rana, ko sakamakon zai maimaitu idan wani ya sake gwajin, kuɗin saye haɗe da jigila da kwastam, wutar da na'urar ke sha, wa zai gyara ta idan ta tsaya, da haɗarinta ga mai aiki. Maganar wuta ba ƙarama ba ce a wajenmu. Na'urar da ƙarfinta ya dogara da lantarki, idan wuta tana hawa tana sauka, sakamakonta ma haka zai riƙa yi.

Maganaɗisun hannu

Iri biyu ne a kasuwa. Baƙin nan na cikin sifika, wato ferait, mai rauni ne, kuma rauninsa shi ne amfaninsa: magnetait kaɗai yake ɗauka ya bar sauran. Sai mai ƙyalli kamar azurfa, na niyodimiyam, wanda kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka samar a farkon shekarun 1980. Sanda mai kyau ta irin wannan takan kai gaus 10,000 a jikinta, abin da ya isa ya ɗauki ilmenait da ganet da wulfram da kwalambait idan ka kusanto da ita sosai.

Kuɗinsu duka biyun bai kai na buhun shinkafa ba. Ba sa shan wuta, suna shiga aljihu, kuma a bakin ramin haƙa za ka iya gwada kaya kafin ka biya. Yadda nake yi: a shanya samfur ya bushe ƙarau, a tankaɗe shi, a auna giram 100 a sikeli, a baza shi siriri a kan takarda. A sa maganaɗisun cikin leda ko ƙaramar roba, domin idan gari ya manne masa kai tsaye ba ka ƙara raba su. A wuce da ferait sau uku, a janye maganaɗisun daga ledar a kan wata takarda, garin ya zube. Sannan a kawo mai ƙarfin, a fara daga nesa ta hanyar ɗora kwali biyu ko uku tsakaninsa da yashi, a riƙa cire kwalin ɗaya bayan ɗaya. Kowane kaso a auna shi a rubuta.

Rauninsa a hannun mai riƙewa yake. Ni da kai za mu gwada yashi ɗaya mu sami lamba biyu, saboda tazara da saurin hannu ba ɗaya ba ne. Yana kuma kwaso ƙwayoyin da ba nasa ba a tsakanin waɗanda ya kama, don haka kowane kaso sai an sake baza shi an tsince. Monazait yakan gagare shi sau da yawa. Wajen ƙarko, ferait yana daɗewa sai dai ya fashe. Niyodimiyam kuwa duk da ƙyallinsa gautsi gare shi kamar tangaran, idan biyu suka haɗu da ƙarfi sukan ɓalle, inda fentin ya kwaye kuma tsatsa take shiga. Irin da aka fi sayarwa yana fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura digiri 80, kuma ba ya dawowa. Na ga wanda ya soya yashi a kasko don ya bushe da sauri, ya tsoma sandarsa a ciki da zafinsa. Manya daga cikinsu suna matse yatsa har jini ya taru, suna lalata katin banki da agogo, suna da haɗari ga mai na'urar bugun zuciya. Ƙanana kuma a nesanta su da yara, domin idan yaro ya haɗiye biyu sukan manne ta cikin hanji su huda shi.

Duk wata na'ura da za ka saya daga baya, sai ka fara wucewa da wannan. Shi ya sa ban ɗauke shi a matsayin zaɓin marasa kuɗi ba.

Bututun Davis

Edward W. Davis na Jami'ar Minnesota ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1920, lokacin da yake neman hanyar cin moriyar tamar yankinsu mai ƙarancin ƙarfe. Bututun gilashi ne a karkace tsakanin baki biyu na maganaɗisun lantarki, yana kai da komo ruwa yana bi ta ciki. Ka zuba niƙaƙƙen samfur giram 10 zuwa 30, magnetait ya maƙale a tsakiya, saura ya wanke ya fita. Amsa ɗaya yake bayarwa, amma yana ba da ita daidai kuma tana maimaituwa: nawa ne magnetait a cikin dutsen nan.

Ga mai aiki a kan tama mai magnetait a cikinta irin ta Itakpe a Kogi, wannan kayan aiki ne na dole. A Bauchi da Gombe kuwa, yawancin jan dutse mai ƙarfe da muke gani, da marmara da shimfiɗun ƙarfen da ke cikin duwatsun yashi na Gombe, hematait ne da gotait, waɗanda ruwa zai wanke su wuce ta bututun. Kuɗinsa matsakaici ne, gilashinsa yana fashewa kuma ba a samun madadinsa a kasuwar Wunti. Ga mai kuza ba shi da wani amfani.

Na'urar Frantz

Wannan ita ce sarauniyar ɗakunan nazarin duwatsu, ƙirar kamfanin S.G. Frantz na Amurka. Wata siririyar kwata ce mai rawa, shimfiɗe tsakanin dogayen baki biyu na maganaɗisun lantarki da ke iya kaiwa gaus 20,000. Ana karkata ta gaba don yashi ya gangara, a karkata ta gefe don nauyi ya ja ƙwayoyi ɓangare ɗaya, maganaɗisu kuma ya ja su ɗaya ɓangaren. A ƙarshen kwatar akwai ɗan shinge da ke raba hanya biyu, kowacce da kofinta. An sassaƙa bakin maganaɗisun ta yadda jan da yake yi wa ƙwaya daidai yake a duk faɗin kwatar, saboda haka halin ƙwayar ne kaɗai yake yanke inda za ta faɗa.

Daɗin aiki da ita shi ne kana hawa mataki-mataki. Ka sa karkatar gefe a digiri 15 zuwa 20, ka fara da lantarki kaɗan, wajen amfiya 0.4 (amfiya ma'aunin yawan lantarkin da ke gudana ne), ilmenait da ganet su fita. Ka mayar da ragowar, ka ƙara zuwa 0.8, baƙar maika da danginta su fita. Ka ƙara zuwa 1.2 ko sama, ka rage karkatar gefen, masu raunin amsawa su biyo. Abin da ya tsira har ƙarshe shi ne zirkon da farin yashi da kuza. Masu amfani da zirkon wajen auna shekarun duwatsu ta nan suke bi kafin su tsince ƙwayoyinsu a ƙarƙashin madubi. Ɗalibin da ke nazarin duwatsun da suka ba mu kuza da kwalambait, daga Jos har Ningi, ba shi da abin da ya fi masa wannan. Idan ya rubuta karkata da amfiya da girman ƙwaya, wani a wata ƙasa zai iya maimaita aikinsa.

Amma a san abin da ake saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Frantz tana da jinkiri ƙwarai, ƴan giram-giram take ci, kofi ɗaya na yashi yana iya cinye maka yini idan kana son rabo mai tsabta. Tana son busasshen samfur da aka wanke ƙurarsa aka tankaɗe, misali tsakanin maikiron 63 da 250. Da damina yashi yakan sha danshi ya ƙi gangara. Da hunturu kuma iska takan bushe har ƙananan ƙwayoyi su riƙa manne wa kwatar kamar yadda gashi ke bin matsefin roba. Sabuwa kuɗinta dubun-dubatar daloli ne kafin kwastam. Tsohuwa tana yin sauƙi kuma jikinta yana shekaru da dama, sai dai akwatin da ke sarrafa lantarkinta shi ne yake mutuwa, shi ya sa ba a kunna ta ba tare da sitabilaiza mai kyau ba.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani ɗalibi yana gaggawar kammala aikinsa, ya zuba samfur bai wuce da maganaɗisun hannu ba. Magnetait ya taru a bakin kwatar ya yi gemu baƙi ƙirin, hanya ta toshe, yashi ya riƙa malala cikin kofunan biyu ba bambanci. Ya zo yana cewa, "Malam, na'urar ta lalace." Muka kashe wuta, muka zare kwatar, muka share da burushi da iska har magariba. Abin da ya fi damuna shi ne samfurin wanda ya yi aiki bayansa, domin ƙwaya goma da suka ɓuya a lungu sun isa su ɓata sakamakon wani. Tsaftace ta tsakanin samfur da samfur rabin aikin ne.

Nadi mai bel, da ƴan uwansa

Wannan ce ɗan'uwana ya fi nuna mini a wayarsa. Gangar nadi ce da aka jera da faya-fayan niyodimiyam, tsakanin kowane biyu da siririn faifan ƙarfe inda ƙarfin ke taruwa. Bel mai kaurin da bai kai milimita ɗaya ba yana zagaya ta. Yashi yana sauka a kan bel daga wani faranti mai rawa. Da ya iso kan nadin, wanda ba ya bin maganaɗisu sai ya yi tsalle gaba, mai bi kaɗan ya faɗi kusa, mai bi sosai ya manne har sai bel ya rabu da nadin ta ƙasa. Wasu allunan ƙarfe masu motsi ne suke raba inda kowanne zai faɗa.

Ta fi Frantz sauri nesa ba kusa ba, kilo-kilo take ci a awa ko da ƙarama ce. Maganaɗisunta ba ya buƙatar wuta, ƙaramin injin da ke juya nadin da farantin ne kawai suke sha, don haka inbata da sola suna ɗaukarta. Sakamakonta kuma yana nuna abin da babbar na'ura za ta yi idan ka faɗaɗa sana'a. Kamfanoni irin su Eriez da Bunting suna yin masu tsada, masana'antun Sin suna yin masu sauƙi, kuma a cikin masu sauƙin akwai nagari akwai na banza. Kafin ka biya, nemi a auna ƙarfin a saman bel a gabanka ko a bidiyo, ka kuma sayi bel biyu ko uku na ajiya tun farko.

Inda take gazawa: ba ka iya rage ƙarfinta ko ƙara shi. Saurin bel da matsayin allunan ne kawai a hannunka, shi ya sa raba ilmenait da kwalambait, waɗanda amsawarsu ba ta da nisa da juna, yake buƙatar maimaici da haƙuri. Dole yashi ya hau bel a shimfiɗe ƙwaya ɗaya-ɗaya, idan ka cika shi rabon ya lalace. Garin ƙarfe idan ya kutsa ƙarƙashin bel yana manne wa nadin ya ci bel ɗin ta ciki. Yashi mai zafi yana kashe ta a hankali.

Tana da ƴan uwa biyu masu amfani da lantarki. Akwai nadi mai tsaga-tsaga da ke juyawa tsakanin bakin maganaɗisun lantarki, irin ƙirar Carpco, wanda ake iya daidaita ƙarfinsa har kusan tesla 2. Akwai kuma mai faifai, wadda duk wanda ya shiga rumfunan sarrafa kuza a Jos ya gani: bel yana wucewa ƙarƙashin faya-fayai uku masu juyawa, kowanne an saita shi ya fi na gabansa ja, na farko ya kwashe ilmenait, na biyu kwalambait, na uku monazait. Tun zamanin da Najeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait a shekarun 1950 ake wannan aiki a Filato, don haka masu gyara da masu naɗa waya suna nan kusa da mu. Wannan babban dalili ne a wurina. Sai dai suna da nauyi, suna shan wuta, kuma janareta ƙarami ba ya ɗaukarsu.

Abu ɗaya da babu wata cikinsu da za ta yi maka: raba kuza da zirkon. Duka biyun ba sa bin maganaɗisu. Wannan aikin teburin wanki ne, ko na'urar da ke raba mai ɗaukar lantarki da wanda ba ya ɗauka.

Na'urar ruwa mai ƙarfi

Ga masu farar ƙasar Alkaleri labarin daban ne. Ƙwayar farar ƙasa ƴan maikiron ce, ba ta gudana a bushe, kuma abin da ke rage mata fari da daraja a wajen masu fenti da tangaran da takarda shi ne ɗan ƙarfe da taitaniyam da ke cikinta. Nan ake buƙatar gwangwanin da aka cika da ƙwallayen ƙarfe ko faranti masu tsaga ko soson ƙarfe mara tsatsa, a sa shi cikin maganaɗisun lantarki mai ƙarfi. Kowane zaren soson ya zama tsinin allurar da na ambata. A dama ƙasar da ruwa kamar koko, a sa ɗan sinadarin da ke hana ta curewa, a zuba a hankali, dattin ya maƙale, farar ta wuce. A kashe wuta a wanke soson. Masu farar ƙasa a jihar Jojiya ta Amurka da wannan dabarar suka ɗaga darajar kayansu, kuma da irinta ake kama laushin hematait.

Tsada gare ta, nauyi gare ta, tana son tsayayyiyar wuta da ruwa mai tsabta da wurin tacewa da busarwa. Idan ba a wanke soson an busar ba, shi da kansa zai zama tushen datti. Kuma ba duk jan farar ƙasa take cirewa ba: ƙarfen da ya shafe jikin ƙwayar kamar lalle, ko ya shiga cikin ƙirarta, sai da sinadari. Kada kowa ya sayi wannan kafin a gwada ƙasarsa a na'urar wani.

Idan ba ka sayi komai ba

Daga Bauchi zuwa Jos tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, kuma can ne Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa take. Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa tana da ɗakunan gwajinta a Kaduna. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe suna da sassan nazarin duwatsu da za ka nemi shawara. Wanda gwajinsa bai wuce sau uku ko huɗu a shekara ba, kuɗin mota da na gwaji sun fi masa sauƙi. A kira a tabbatar na'urar da ake so tana aiki kafin a kama hanya, a kuma raba samfur biyu a ajiye rabi a gida.

| Zaɓi | Abin da ya fi iyawa | Kuɗi | Wuta | Ƙarko da gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Maganaɗisun hannu | Gwajin gaggawa, cire magnetait | Kaɗan ƙwarai | Babu | Yana fashewa, zafi na kashe shi | Matse yatsa, lamba ba ta maimaituwa |
| Bututun Davis | Auna magnetait | Matsakaici | Tsayayya | Gilashi mai fashewa | Sayensa don aikin da ba nasa ba |
| Frantz | Rabo mai tsabta na ƴan giram | Mai yawa ƙwarai | Tsayayya | Jiki mai daɗewa, akwatin wuta mai laulayi | Toshewa, cakuɗar samfur |
| Nadi mai bel | Busasshen yashi, kilo-kilo | Matsakaici zuwa mai yawa | Kaɗan | Bel na cinyewa | Ƙura, jabun gaus |
| Mai faifai ko nadin lantarki | Ilmenait, kwalambait, monazait daki-daki | Mai yawa | Mai yawa | Akwai masu gyara a Jos | Ƙura, zafin waya |
| Na'urar ruwa | Farar ƙasa, laushin hematait | Mai yawa ƙwarai | Mai yawa | Soso na toshewa | Ruwa kusa da lantarki |

Akwai haɗari biyu da jadawalin nan na sama bai ɗauke su yadda ya kamata ba. Duk aikin bushe yana tayar da ƙurar farin yashi, wadda ke taruwa a huhu ta taurara shi, kuma ba ta da magani. A sa takunkumi na gaske, a yi aiki inda iska ke wucewa, kada kuma a daka dutse a tsakar gida da turmin abinci. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ya hana mu. Na biyu monazait, ƙwayoyin nan masu ruwan zuma. Akwai toriyam a cikinsa, mai fitar da tururin nukiliya. A warwatse cikin yashi kaɗan ne, amma na'urarka tattara shi take yi. Buhunsa ba ya kwana a ɗakin da mutane ke kwana ko shagon da ake yini, kuma Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa ce ke da hurumi a kan ajiyarsa da safararsa.

Wa ya dace da wacce

Mai sayen kuza a ƙauye, wanda damuwarsa kada a sayar masa da ilmenait a farashin kuza: ferait ɗaya, sandar niyodimiyam ɗaya, rariya uku, sikeli mai auna giram, da madubin hannu mai ƙara girma sau goma. Idan kayansa sun kai buhu-buhu a mako kuma yana son ya tsabtace kafin ya kai Jos, nadi mai bel. Idan kwalambait ne ribarsa kuma yana da wuta mai ƙarfi, ya tsallake nadin ya nemi mai faifai, ko ya biya a yi masa a rumfa. Sashen jami'a ko kwaleji da ke yaye ɗalibai: Frantz ko da tsohuwa ce, tare da ma'aikaci ɗaya da aka damƙa masa ita shi kaɗai. Mai farar ƙasa ya fara da aika samfur. Mai tama ya fara tabbatar da cewa magnetait gare shi kafin ya yi tunanin bututun Davis. Kowannensu kuma ya sani maganaɗisu rabawa yake yi, ba ya faɗin suna. Ilmenait da kwalambait duka baƙaƙe ne a ido, don haka kason da za a sayar da tsada sai an kai shi ga na'urar XRF, mai gano sinadaran samfur da hasken X-ray, ta faɗi abin da ke ciki.

Ɗan'uwana a rukunin farko yake. Ya sayi sandar da rariya da sikeli, ya ɗauki wata biyu yana auna giram 100 daga kowane buhu yana rubutawa a littafi tare da sunan wurin da aka wanko shi. Da ya dawo ya buɗe mini littafin: kayan wani rafi kullum baƙin kasonsu ya fi na sauran yawa, kuma daga can ne yake yin asara. Ya rage farashin da yake biya a wurin, ya kai tsibi ukun nan Jos a gwada masa, maganar nadi mai bel kuma ya ce sai bayan damina idan ya ga yawan buhunan da yake tarawa.